Hular Da Merle Ba Ta Yanke Ba

Shafi na 17

Masu turo min saƙo kuna cewa in sassauta wa Merle, ku karanta wannan shafin tukuna. Wadda kuma ta san ta hau babur yau da silifas, da ita nake.

*

Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar da matan ƙungiyar babur ta garin Walcha suke gangarawa bakin teku. Babura goma sha ɗaya ne jere a gaban rumfar ƙungiya, sanyi yana yanka kunne. Babu wadda ta tayar da inji, don babu wadda Merle ta sallama tukuna.

Shekararta sittin da takwas. Shekara ashirin ke nan ita ke duba kayan kowace mace kafin a tashi. Amma tun da 'yarta Narelle ta rasu a kan wannan hanyar, shekara goma sha biyu da suka wuce, duban nata ya koma kamar binciken ɓarawo. Almakashin ɗinkinta kullum yana aljihun rigar fatarta.

Ta tsaya a gaban Bronwyn, ma'aikaciyar jinya, uwar 'ya'ya uku.

"Lanƙwasa hannunki."

Bronwyn ta lanƙwasa. Matashin kariya da ya kamata ya zauna a gwiwar hannu yana can yana lilo kusa da agogonta.

"A nan Allah ya ɗora miki gwiwar hannu?"

Mata suka kwashe da dariya. Bronwyn ta ce rigar mijinta ce. Ta je har Tamworth, rigunan mata biyu kacal ta tarar a shago, duka masu furanni, kuma ko cinyarta ɗaya ba za ta shiga cikinsu ba.

"Ban tambaye ki labarin shago ba. Ke da kike tsince wa mutane tsakuwa daga cikin nama, ke ce za ki zo min a haka? Shiga rumfa, akwai rigar aro a akwati. Kuma wannan wandon mai kamar fatar albasa, a cire shi."

Bronwyn ta wuce tana ƙunƙuni cewa ko a asibiti ba a yi mata wannan tsirarar.

A bangon rumfar akwai wani allon katako da kowa a garin ya sani. Dokar ƙungiya ce: duk hular kwanon da ta taɓa bugun ƙasa da kai a cikinta, ta gama aiki, ko da bayanta yana sheƙi. Farin soson cikinta sau ɗaya yake shanye duka, ba ya sake tashi. Sai a yanke maɗaurin haɓarta don kada wata ta tsinta ta saka, a kafa shi da ƙusa a allon, a rubuta sunan mai ita. Maɗauri ashirin da uku ne a wurin, duk Merle ta yanke su. Ashirin da biyu masu su suna raye. Na can sama, wanda rana ta koɗe, shi ne mai sunan Narelle.

Ƙarar wani ƙaramin babur ta sa duk suka waiwaya.

Tahlia ce, 'yar Narelle, jikar da Merle ta raina tun tana shekara shida. Jiya ta cika sha takwas, yau ce fitarta ta farko da ƙungiya, allon 'yan koyo yana kaɗawa a bayan babur ɗin. A bayanta Glenys ce, ƙanwar Merle, a cikin a-kori-kura, da kwandon kek da fulas ɗin shayi. Glenys ba ta taɓa hawa babur ba a rayuwarta, tsoron sa take, amma ba ta fashin kawo shayi.

Mata suka yi wa yarinyar tafi. Merle ba ta yi ba.

Hular da Merle da Tahlia suka saya tare a Tamworth fara ce. Wannan da ke kan Tahlia ruwan ɗorawa ce, sabon fenti, da sunan NARELLE a gefe da manyan baƙaƙe.

Tahlia ta ɗaga gilashi, bakinta har kunne.

"Kaka, kin gan ta? Ta Mama ce. Kaka Glenys ta ba ni jiya."

Merle ta matsa. Ba fentin ta duba ba, ƙarƙashin haɓa ta leƙa. A jikin zoben ƙarfen maɗaurin akwai ɗigon jan farce, wanda Narelle ta ɗiga da hannunta don kada hularta ta haɗu da ta wasu.



Glenys ta iso tana ba da labari tun kafin a tambaye ta. Wai lokacin da rufin ɗakin Merle ya yi yoyo suka fitar da kaya, ta ga hular a kwali a saman kabad. Merle da bakinta ta ce ta ajiya ce, Narelle ba ta taɓa fita da ita ba, 'yan karce-karcen jikinta bangon gareji ne ya goge ta. To ita ta ga bai dace kayan uwa yana ruɓewa a kwali ba ga 'ya ta girma. Ta faki ido ta ɗauke, ta kai wa mijinta Des mai fentin mota, ya cike karcen, ya goge, ya fesa.

"Sati uku yana yi, Yaya. Ki ce wani abu mana."

"Wa ya aike ki ɗakina?"

"Au, laifi na yi?"

Merle ba ta kula ta ba. Ta kama gaban hular da hannu biyu, ta ce wa Tahlia ta tsayar da wuyanta, ta murɗa hagu, ta murɗa dama. Hular ta juya, kumatun yarinyar ba su bi ta ba. Kowace mace a wurin ta san ma'anar wannan, don duk an yi musu.

"Ta yi miki yawa. Cire."

Tahlia ta ce gashinta ne ta kwantar, gobe za ta tufke shi ya cike wurin.

"Gashi ba ya riƙe hula. Kuma shekararta ta wuce goma. Cire, ki koma gida ki ɗauko farar."

"Ba zan cire ba."

"To ba ki tafiya da mu."

A nan Merle ta so maganar ta tsaya. Da yarinyar ta yi kuka, ta koma gida ta sauya, da shi ke nan, da yamma sai hular ta sake ɓata, a wannan karon har abada. Amma Tahlia jinin Narelle ce. Ta gyara zama a kan babur, ta ce ƙungiya ta Kaka ce, ta ji. Hanya kuwa ta gwamnati ce. Su tafi, za ta bi su a baya da ratar da doka ta yarda. In sun hana ta shan shayi da su, tana da ruwa a jaka. Kuma daga yau kullum da wannan hular za ta je aiki.

"Abu ɗaya na samu na uwata da zan iya sawa a jikina. Ɗaya. Duk kin kwashe sauran kin kulle."

Bronwyn, da ta fito sanye da rigar aro, ta ce a hankali ko a bar ta yau kaɗai, a sa ta a tsakiya, a tafi sannu.

Merle ta juyo mata.

"Kangaru yana duba wa ke tsakiya kafin ya faɗo titi?"



Tahlia ta sauke gilashi. Ta sa yatsa a kan maɓallin tayarwa.

Merle ta kalli hanyar da ta miƙe gabas. Ta san kowace kwana ta gangaren nan, ta san wadda tsakuwa ke taruwa a cikinta bayan ruwa, ta san wadda aka kafa wa farin gicciye. Ta kalli allon rumfa. Ta kalli matan nan goma da ta shekara tana wanke wa fuska a gaban jama'a saboda safar hannu ko takalmi.

Ta miƙa hannu ta zare makullin babur ɗin.

"Kaka, ba ni makullina."

"Da ita ta faɗi."

"Me?"

"Wannan hular. Ita ce a kan uwarki ranar."

 Fulas ɗin da ke hannun Glenys ya karkace, shayi yana zuba kan takalminta ba ta sani ba.

Tahlia ta ɗaga gilashi. Ta nuna allon da yatsa.

"Wancan maɗaurin fa?"

Merle ta ce na wata tsohuwar hula ce ta mijinta marigayi. Da 'yan sanda suka dawo mata da ta Narelle a leda, ta ɗauko almakashi, ta zauna da ita a cinya tun safe har rana ta yi tsaka, hannunta ya ƙi. Sai ta yanke wata ta kawo, ta kafa, ta rubuta suna. Babu wanda ya tambaya.

"Duk ranar haihuwarta kina ɗaga ni in taɓa wancan," in ji Tahlia. "Tun ban kai tsawon teburin nan ba. Ashe igiyar Kakana nake shafawa ina kuka."

"Haka ne."

Wata daga baya ta yi tsaki. Wata kuma, wadda Merle ta yanke wa hula sabuwa fil a bara saboda ta zame a bakin gidan mai, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, ashe dokar ta 'ya'yan wasu ce. Merle ta ji, ba ta waiwaya ba.

Glenys ta ajiye fulas a ƙasa.

"Yaya, da hannuna na ɗora mata. Jiya. Har hoto na ɗauka. Kin bar ni na ɗora wa yarinyar nan..." Ta nuna hular. "Ni ban san hula ba, ke kika sani. Kalma ɗaya za ki faɗa min ranar, ɗaya tak."

"Na ce ki shiga ɗakina ki yi sata?"

"Kin ce bangon gareji!"



Tahlia kuwa ta daɗe tana kallon kakarta, can sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ƙarya kike yi."

"Tahlia."

"Ƙarya ce. Shekara biyu kina neman hanyar da za ki hana ni hawa. Kin ɓoye min takardar gwajin lasisi. Kin ce wa mai babur ɗin nan ya ce an sayar. Yanzu kin ga duk bai yi ba, shi ne kika jawo gawar uwata. Wanne zan yarda da shi, na shekara goma sha biyu ko na yau?"

"Na yau."

"Nuna min. Des ya ce lafiyarta ƙalau. Ya ƙwanƙwasa ko'ina."

"Des ya san ƙofar mota, bai san kan mutum ba."

"To nuna min. In ba ki nuna ba, akwai wani makullin a gida. Da ƙafa zan je in ɗauko."

Hanyar nunawa ɗaya ce, kuma Merle ta san ta. Sai an ɓalle shimfiɗar cikin hular, an ɗaga yadin, an ga farin soson da ido. Ta kuma san abin da ke kwance tsakanin yadin da soson. Shi ne abin da ya riƙe mata hannu shekara goma sha biyu da suka wuce. Mutane za su ɗauka ƙaunar 'ya ce ta hana ta yanka. Har da ita. Amma ba ita kaɗai ba ce.

Tana iya yin shiru. Tana iya riƙe makulli ta ce ta faɗa, wanda bai yarda ba ya bari. Yarinyar za ta je gida ta ɗauko ɗayan, ranar Litinin ta hau titi da fankon kwano a kanta.

"Kawo," in ji Merle.

Tahlia ta kwance maɗauri, ta cire hular, ta dangwara mata a ƙirji.

Merle ta zauna a kan bencin rumfa, ta kife hular a cinya. Mata suka kewaye ta. Ta ɓalle maɓallan kumatu, dama da hagu. Ta sa yatsu ta janye yadin saman, ta naɗe shi da sauri ta danne a ƙarƙashin hannunta. Sannan ta karkata hular wajen haske.

A gefen hagu, saitin bayan kunne, farin soson ya lotsa kamar an taka shi da diddige. Tsaga ta tashi daga wurin ta bi har ƙeya.

"Sa yatsanki."

Tahlia ba ta motsa ba.

"Na ce sa yatsanki. Ke kika ce a nuna miki."

Ta sa. Wurin da ya kamata ya yi laushi ya yi tauri kamar katako.

"Ya riga ya ba da abin da yake da shi," in ji Merle. "In kika faɗi da wannan, da ke da wadda ta ɗaura ɗankwali duk ɗaya ne. Fentin Des ba zai hana komai ba."

Bronwyn ta leƙa, ta kau da kai. Ta ga irin wannan a wurin aiki, ba sau ɗaya ba.

Merle ta ciro almakashi. Ta kama shi da hannu biyu. Maɗaurin yana da kauri, bakin almakashin ya cije ya tsaya, ta ƙara dannawa har haƙoranta suka haɗu. Ya rabu. Zoben mai ɗigon jan farce ya faɗi kan siminti, ya gangara, ya tsaya a gaban takalmin Glenys.



Merle ta miƙe za ta kai hular kwandon shara. Yadin da ta danne a ƙarƙashin hannu ya zame ya faɗi.

Tahlia ce ta sunkuya ta ɗauka. Ta kai shi fuska, ko za ta ji sauran ƙamshin gashin uwarta. Sai ta tsaya. Ta juya shi.

A bayan yadin an ɗinka yankakken soson katifa, guda huɗu, ɗaya a goshi, ɗaya a ƙeya, biyu a gefe. Sun tsufa sun zama ruwan ƙasa, suna marmashewa. Zaren ja ne. Ɗinkin kuwa ƙanana ne, a karkace, kowanne na biyar an maimaita shi sau biyu. Irin wannan ɗinkin ne a bakin kowane siket ɗin makaranta da Tahlia ta taɓa sawa.

A gefe kuma ga 'yar takardar awo da aka liƙa tun daga kamfani. Awon maza ne, babba.

"Mama ƙaramin kai gare ta," in ji Tahlia, kamar da kanta take magana. "Kin sha faɗa min. Kin ce hular yara take sawa da sanyi."

Merle tana tsaye da hular a hannu.

"Ɗinkin wa ne wannan?" in ji Tahlia.

"Nawa ne."

"Me ya sa?"

Merle ta yi bayani da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Hular Narelle ta da ta tsufa. Suka je shago, babu ƙarama ko ɗaya, aka ce sai an yi oda, sati shida. Tafiyar ƙungiya kuma saura kwana uku, Narelle ta ƙi jira. Suka ɗauki wadda ke akwai. Ita Merle ce ta ce kada a damu, za ta cike ta da soso ta zauna daram.

"Ta zauna?"

Merle ta juya hular da ke hannunta.

"Wannan murɗa hular da kike mana hagu da dama. Yaushe kika fara shi?"

"Bayan nan."

"Wa ya duba Mama ranar da safe?"

Glenys ta ce, "Tahlia, ya isa haka, zo mu je mota."

"Ba da ke nake ba. Kaka, wa ya duba ta? Wa ya dafa mata kafaɗa ya ce ta wuce?"

Merle ta ɗago ta kalli jikarta ido cikin ido.

"Ni ce."

Tahlia ba ta yi kuka ba. Ta ninke yadin a hankali, da sososhinsa da jan zarensa, ta zuge rigarta ta sa shi a ƙirji, ta mayar da zif. Sannan ta miƙa tafin hannu.

Merle ta ɗora mata makullin babur.

"Ba shi ba. Almakashin."

Shekara ashirin babu hannun da ya taɓa riƙe almakashin nan a gaban rumfar sai na Merle. Ta dubi matan. Babu wadda ta ce kada ta bayar. Ta bayar.

Tahlia ta juya. Duk sun ɗauka allon za ta nufa, ta ciro na ƙaryar. Ta wuce allon. Ta wuce babura goma, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai na ƙarshen layi, baƙin babur ɗin Merle, inda hular kakarta take ajiye a ƙasa kusa da taya, kan safar hannu, yadda ta koya wa kowa.

Ta ɗaga ta. Ta zaro maɗaurin. Ta buɗe bakin almakashin a kansa.